Me ke sa mutum ya dami jama'a da tallan aikinsa?

Wata malamar makaranta daga Tawa ta aiko da wannan tambaya: "Ƙanena ya gama jami'a bai samu aiki ba, sai ya koma rubuce-rubuce da ɗaukar bidiyo kan noman albasa da tarihin Adar. Abin da yake yi ba laifi, yana da kyau ma. Amma ya ishe mu da saƙo: ku karanta, ku kalla, ku yaɗa. Gurup ɗin dangi bai tsira ba, har ranar da aka yi mana rasuwa ana ta'aziyya sai ga shi ya jefo nasa. Mun taso ana ce mana yabon kai jahilci. Me ke sa mai hankali ya kasa haƙuri sai ya tallata kansa? Son a sani ne, ko wata cuta ce?"

Malama, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. Ba cuta ba ce, kuma ban ga girman kai a abin da kika faɗa ba. Mai girman kai ba ya roƙo. Wanda ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa don Allah ku duba, tsoro ya fi yawa a ransa, tsoron kada wahalarsa ta tashi a banza ba wanda ya gani. Ƙanenki yana yin aikin mutum biyu ne. Shi ne mai aikin, shi ne kuma maroƙin kansa, alhali a tarbiyyarmu ba a haɗa waɗannan biyun a jikin mutum ɗaya. Abin da ke sosa miki rai ke nan.

Son a ji mutum dai ya girmi salula nesa ba kusa ba. Na yi aikin rediyo kafin in koma aji ina koyar da sadarwa, kuma bayan da aka fara buɗe rediyoyi masu zaman kansu a ƙasar nan ta Nijar a 1994, ba abin da ke kawo jama'a ƙofar gidan rediyo kamar filin gaishe-gaishe. Dattijo zai zo da takarda a ninke cikin aljihun riga, sunaye jere har bayan takardar. Ya biya kuɗinsa, ya tsaya sai ka maimaita masa sunansa da laƙabinsa daidai, ya tambayi ƙarfe nawa za a saka, sannan ya koma gida ya tara iyali gaban akwatin rediyo. Rabin waɗanda ya gaisar maƙwabtansa ne da zai haɗu da su a sahun magariba. Gaisuwar hanya ce kawai, so yake gari ya ji yana nan.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun auna abin. A 2012 Diana Tamir da Jason Mitchell na jami'ar Harvard a Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna yi musu tambayoyi, wasu a kan kansu, wasu a kan wasu mutane. Duk sa'ad da mutum ke faɗin ra'ayinsa ko halinsa, sashen da ke motsawa idan an samu abinci ko kuɗi shi ne ya riƙa motsawa. Da aka sa 'yan kuɗi kaɗan a kan kowace tambaya, mutane suka riƙa barin wadda ta fi kuɗi suna ɗaukar wadda za ta ba su damar yin maganar kansu. Daɗin kuma ya fi yawa idan sun san akwai mai ji. Dama an ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na hirar da mutane ke yi kullum labarin kansu ne. Ke ma ki saurari ɗakin malamai gobe lokacin hutu, za ki ji.

Sai kuma ƙaunar abin da hannunka ya yi. A wannan shekarar ta 2012 Michael Norton da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji: an ba mutane takarda su naɗa ta su fitar da siffar kwaɗo ko tsuntsu, sannan aka ce su yi wa abin kuɗi. Waɗanda suka naɗa da hannunsu sun taya shi kusan ninki biyar na abin da baƙi suka taya, ko da ya fito a karkace. Ƙanenki ya hau mota ya je Galmi, ya sha rana a bakin rijiyar lambu, ya lallashi manomi har ya yarda ya yi magana, ya sayi forfe na intanet da kuɗin da ya ranta, ya kwana yana yanka hoto kafin cajin ya ƙare. In ya kalli bidiyon duk wannan yake gani. Ke minti uku kike gani.

To amma duk wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce a ko'ina. Abin da ya shafe mu, wanda kuma nake ganin shi ne gindin maganar, daban ne.

Bahaushe bai taɓa ƙin yabo ba. Abin da ya ƙi shi ne yabon ya fito daga bakin mai shi. Don haka muka yi wa yabo ma'aikata. Ki tuna da ɗaurin aure ko suna na ƙarshe da kika je. Alhaji zai ciro jika biyar, ba zai ɗaga ta sama ya ce ku gani ba. Zai damƙa wa sanƙira a ɓoye kamar mai jin kunya, sanƙira ya ɗaga murya: wane ɗan wane, jikan wane, ya ba da jika biyar, Allah ya saka da alheri! Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara hula kamar ba da shi ake ba. Kowa ya san ya ji daɗi, kowa ya san ya biya a faɗa, amma ba mai cewa ya yabi kansa. A ɓangaren mata zabiya ke wannan aiki. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna tun 1957 cewa roƙo ba nishaɗi kawai ba ne, hanya ce da gari ke bayyana matsayin kowa.

Haka abin yake a kasuwa. Manomin da ya kawo albasa Galmi ba ya tsayawa kan buhunansa yana kirari. Dillali ne zai zazzago 'yan ƙwaya, ya murza ɓawon, ya ce wa mai saye daga Abijan ko Kumasi wannan ta bushe, za ta kai ba ta ruɓe ba. Ranar Lahadi a kasuwar Tawa, mai raƙumi da mai sa dillali suke nema. Matar da ke kulle tana soya ƙosai a cikin gida, yarinya ce ke fita da tire tana kira. Sarki ma mai shela gare shi. A duk inda ka duba akwai wani a tsakani da ke ɗauke wa mai abu kunyar yabon abinsa, ya kuma ci ladansa.

Za ki ce ai 'yan kokowa suna yi wa kansu kirari. Gaskiya ne, kuma mutumin Tawa ya fi kowa sani, tun da a nan aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Amma dubi yadda aka yi wa wannan kirari shinge. A fili ake yinsa, a lokacinsa, gaban taron da ya zo don ya ji, kuma abokin karawa yana tsaye. Nan da minti kaɗan za a ga ko gaskiya ka faɗa ko gwiwarka za ta taɓa ƙasa. Ɗan kokowar nan in ya shiga zauren makoki ya fara kirari, kama shi za a yi a fitar. Haka mafarauta da 'yan tauri. Al'ada ta yarda da yabon kai a wurinsa, ga wanda zai biya da jikinsa.

Turawa sun zo daga baya sun gwada hikimar sanƙira a ɗakin bincike. A 2006 Jeffrey Pfeffer na jami'ar Stanford da Robert Cialdini da wasu abokan aikinsu suka nuna cewa kalmomin yabo iri ɗaya, in wakili ya faɗe su a kan mutum, an fi son mutumin kuma an fi yarda a taimaka masa fiye da in shi ya faɗa da bakinsa. Abin ya yi aiki ko da mai sauraro ya san cewa wakilin biyansa ake yi. Wannan sakamako ba zai ba kakarki mamaki ba.

Abin da salula ta yi shi ne ta kori na tsakiya. A da marubuci yana da mai jarida, mawaƙi yana da ma'aikacin rediyo da zai saka faifansa ya ce ku saurari wannan yaro, mai sana'a yana da dillali. Waɗannan ƙofofi suna da ƙunci, ba kowa ke shiga ba, kuma sau da yawa sai ka san wani, kada mu yi musu adon da ba su da shi. Yanzu ƙofa a buɗe take ga kowa, amma ba mai shela a bakinta. Yaro ya gama aikinsa ya saka, shiru. In bai buɗe baki ba, ba wanda aka ɗauka aiki don ya buɗe masa.

Kuma shirun nan yana da tsada. Manhajojin Facebook da TikTok da YouTube ba sa nuna wa kowa komai. Sukan gwada sabon abu a kan mutane kaɗan, su duba ko an tsaya an kalla har ƙarshe, ko an ce wani abu, ko an tura wa wani. In an yi, su ƙara faɗaɗa shi, in ba a yi ba su binne shi ƙarƙashin dubban da suka shigo bayansa. Shi ya sa kike ganin saƙonsa yana zuwa da gaggawa, kamar gobara ta tashi. A 2006 Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na jami'ar Columbia sun yi gwaji da mutum fiye da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. Suka raba masu sauraro gida-gida, kowane gida yana ganin adadin waɗanda suka ɗauki kowace waƙa a gidansu kawai. Waƙar da ta zama zakara a wani gida sai ta ƙare a tsakiya ko ƙasa a wani. Mafiya kyau ba su cika faɗuwa warwas ba, mafiya muni ba su cika hawa sama ba, amma duk abin da ke tsakani ya danganta ne da su wa suka fara taɓawa. Ƙanenki bai karanta wannan bincike ba, amma ya gani da idonsa: wani ya yi shirme ya samu dubu hamsin, shi ya yi aikin ƙwarai ya samu arba'in. Ya gane cewa kyau kaɗai ba ya tallan kansa a wannan kasuwa, duk da karin maganar da aka rene mu da ita.

Akwai kuma ƙugiyar da aka ɗana da gangan. Tun 2009 da Facebook ya sa alamar babban yatsa, yabo ya zama abin ƙirgawa. Masanin ilimin halayya B. F. Skinner ya nuna tun shekarun 1950 cewa tantabarar da ake ba hatsi ba bisa ƙa'ida ba, wani lokaci ta samu wani lokaci ta rasa, ta fi naci wajen saran maɓalli fiye da wadda ke samu kullum. Ki leƙa kowace fada da dare. Tsakanin shayi na farko da na biyu yaro zai ja allon wayarsa ƙasa da yatsa ya saki, ya ajiye, a zuba masa, ya sake ɗauka ya ja. Jiya an samu ɗari biyu, yau goma sha biyu, gobe wa ya sani. Rashin tabbas ɗin ne ke riƙe shi.

Maganar kuɗi ba ni son in daɗe a kanta, don yawancin yaranmu mafarkinta suke yi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Tsarin biyan TikTok kuwa a ƙasashe ƙalilan yake aiki, irin su Amurka da Faransa da Ingila da Jamus. Abin da ya fi shigowa hannu a nan shi ne ɗan kasuwa ya ba ka wani abu ka tallata masa shago, ko wata ƙungiya ta kira ka ɗaukar hoton taronta. Su kuwa adadin mabiya suke fara tambaya. Don haka kowane "ku yaɗa" neman aiki ne a fakaice.

Amma me ya sa gurup ɗin dangi, inda ba ɗan kasuwa ba ƙungiya? Nan nake so ki tsaya ki yi tunani a matsayinki na yaya. Saurayi ne da ya gama jami'a yana cin tuwon gidan ubansa. Sa'o'insa da ba su yi boko ba sun tafi bariki, Abijan ko Libiya, suna aiko da kuɗi ta Nita, ana sa musu albarka a tsakar gida yana ji. Duk baƙon da ya zo sai ya tambaye shi, har yanzu dai shiru? Wannan bidiyo ita ce amsarsa. Ba mutanen duniya yake so su gani ba kamar ku. So yake kawu ya san cewa ba barci yake yi ba. Da yawa daga cikin ɗalibaina in na matsa musu da tambaya, sai in tarar mutum ɗaya suke jira ya ce madalla, kuma yawanci a gida yake.

Wannan bai wanke shi daga abin da ya yi ranar ta'aziyya ba. Kuskure ne, kuma irin kuskuren da masu tallan kai ke yi ne a ko'ina. Irene Scopelliti da George Loewenstein da Joachim Vosgerau sun nuna a 2015 cewa mai ba da labarin nasararsa yakan zaci masu ji suna taya shi murna fiye da yadda suke yi, ya kuma raina yawan haushin da suke ji. Daɗin da ke ransa shi yake zaton yana ran kowa. A zaure fuskar mutane za ta gaya masa ya isa haka. Wani ya yi gyaran murya, wani ya kau da kai. A waya ba fuska. Ya zaɓi gurup goma a jere ya danna tura, mai yiwuwa ma bai karanta abin da ake ciki a naku ba.

Ta fuskar addini mutane kan yi saurin kawo ayar Suratun Najmi da ta hana mutum tsarkake kansa, su ce riya ce. Sai dai a Suratu Yusuf, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani. Faɗin abin da ka iya don a amfana daban, neman a ce kai wani ne daban, kuma niyya ce ke raba su. Kada a yi gaggawar yanke wa yaro hukunci a kan abin da ke cikin zuciyarsa.

In kin ce masa ya daina, ba zai daina ba, ke kawai zai daina turo wa, ya kuma sa ki cikin masu hassada. Abin da ya fi shi ne ki karɓi wani ɓangare na aikin sanƙira. Ki zaɓi aiki ɗaya nasa da kika kalla har ƙarshe kuma ya burge ki da gaske, ki tura wa mutum biyu ko uku da abin ya shafa, da kalmominki: malamin gona da kika sani, abokiyar aikinki mai koyar da tarihi, ɗan uwanku da ke Abijan yana kewar gida. Turawarki ɗaya ta fi tasa ashirin, saboda dalilin da Pfeffer ya auna. In a gurup ɗin dangi ne, ke ki riƙa sakawa lokaci-lokaci, shi ya yi shiru ya gyara hula.

Ki kuma fahimtar da shi cewa dangi ba su ne kasuwarsa ba, har ma suna iya yi masa ɓarna ba da niyya ba. Inna za ta buɗe don kara, ta ga fuskarsa ta ce Allah ya yi albarka, ta rufe bayan daƙiƙa biyar. Manhaja ta rubuta cewa an buɗe an gudu, ta rage nuna wa wasu. Manoman albasa talatin da za su saurara har ƙarshe su yi gardama a kan iri da taki da farashin buhu sun fi masa dangi ɗari uku. Su kuwa yawancinsu murya suke saurare da Hausa, ba dogon rubutun Faransanci ba. Ya nemi ƙungiyoyin manoma, ya kai aikinsa rediyon karkara, inda har yanzu akwai mai gabatarwa da zai ce ku saurari wannan yaro.

Maganar ranar rasuwa kuwa a keɓe za ki yi masa ita, baki da baki, ba a gurup ba, kuma bayan kin fara gaya masa wani abu takamaimai da kika gani a aikinsa, don ya san kin kalla. Ki ce ya kira masu makokin ya ba su haƙuri.

Inda za ki damu da gaske shi ne in kika ga ya fara sayen mabiya, ko yana ɗaukar mutane ba da izininsu ba, ko ya bar albasa da tarihi ya koma zafafan labaran da bai tantance ba saboda sun fi jawo kallo. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun Yulin 2019, kuma a Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Wanda ya tura abin da wani ya rubuta shi ma yaɗawa ya yi, don haka ke kanki kada ki tura wani abu nasa sai kin karanta shi daga farko har ƙarshe.